Fushi, Ƙullaci da Gaba: Wanne ke Tsawaita Yaƙi?

Tambaya: Malam, mene ne bambancin fushi da ƙullaci da gaba? Ina jin ana cuɗa su idan ana maganar rikicin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, duba aikatau ɗin da kowace kalma ke tafiya da shi. Fushi hucewa yake yi, shi ya sa muke cewa "bari ya huce". Abu ne mai zafi da lokaci kaɗai ke iya sanyaya shi. Ƙullaci kuwa daga "ƙulla" ya fito, kuma abin da aka ƙulla ba ya hucewa, sai an sa hannu an kwance. Mutum na iya yi miki dariya alhali ya ƙullace ki shekara goma. Gaba ita ce ƙullacin da ya fito fili, aka daina gaisawa, har a ce wane da wane ba sa ga maciji. Ba a yin ta mutum ɗaya, shi ya sa Bahaushe ya kira maƙiyinsa "abokin gaba".

A ganina fushi na iya tada yaƙi, amma ba shi ke riƙe shi ba. Dubi basasar Kano. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya yi ta tuɓe 'ya'yan yayansa, marigayi Sarki Abdullahi Maje Karofi, daga sarautunsu, suka haɗiye, suka ƙulla. Da ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello Sarkin Kano, sai Yusufu ɗan Abdullahi ya fice da jama'arsa zuwa Takai. Yusufu ya rasu ana tsakiyar yaƙin, amma rasuwarsa ba ta kashe wutar ba. Ƙaninsa Aliyu Babba ya karɓi ragamar Yusufawa, ya shiga Kano a 1894, aka bi Tukur har aka ga bayansa a 1895. Abin da ke ci mini rai duk lokacin da na karanta tarihin nan shi ne, duka ɓangarorin biyu jikokin Sarkin Kano Ibrahim Dabo ne, kuma talakawan ƙauye da ba su ci ba su sha ba su ne aka kashe, aka kama bayi.

Tambaya: Malam, "gayya" da ke cikin "ramuwar gayya ta fi gayya zafi" ita ce gayyar noma? Daga wani manomi a Maraɗi.

Amsa: A'a, ɗan'uwa, rubutu ne kawai ya haɗa su. Wannan ita ce ta "da gayya ya yi", wato cutar da aka yi da gangan don a ƙona wa mutum rai. Matasa kan ɗauki karin maganar tamkar kirari, suna zuga juna da ita, ni kuwa gargaɗi nake ji a cikinta. Mai ramuwa ba ya auna abin da aka yi masa, da ƙari yake mayarwa, wanda aka rama wa kuma sai ya ga shi ne aka zalunta, ya fara shirin tasa ramuwar. Garinku ma shaida ne. Sarakunan Haɓe da masu jihadi suka kora daga Katsina wajen 1807 a Maraɗi suka kafa sarauta, kuma 'ya'ya da jikokin da ba su ga ranar korar ba sun ci gaba da kai hari ƙasar Katsina, musamman zamanin Sarki Ɗan Baskore, har zuwan Turawa.