Tambaya da Amsa: Shin ruwan indararo yana shayuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu goma sha ɗaya ne a gidanmu, kuma kusan duk ruwan da muke amfani da shi daga wurin 'yan garuwa muke saye. Bana ina so in riƙa tarar ruwan sama, amma surukata ta ce ruwan kwano yana sa ciwon ciki. Shin haka ne, kuma yaya zan adana shi ba tare da ya lalace ba? Daga wata uwargida a Ɗorayi, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar surukarki tana kan hanya, sai dai laifin yawanci na rufin ne da mazubin. Tun daga ɗaukewar damina a watan Oktoba har zuwa faɗuwar wata daminar a Mayu ko Yuni, kwanon gidanki yana tara ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru, kuma ruwan farko ne yake kwaso wannan dauɗa gaba ɗaya. Saboda haka ki bar ruwan farko da na biyu su wanke rufin, sannan duk ranar da aka yi ruwa ki bar na 'yan mintocin farko ya zube kafin ki juya indararon zuwa tanki.

Ga lissafin da nake so maigida ya gani, domin shi ne zai nuna masa cewa kuɗin tanki ba asara ba ne. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 yana ba da lita 1. Idan rufinku ya kai mita 10 a tsawo da mita 8 a faɗi, ruwan milimita 25, wanda ba baƙon abu ba ne a Kano cikin watan Agusta, zai sauko da lita 2,000, wato jarka 80 mai cin lita 25. Ko da wani kaso ya fantsale, abin da ya rage zai ɗauki gidan kwanaki, ga shi kuma yana kumfa da sabulu kaɗan fiye da ruwan rijiyoyi da yawa.

Mazubi shi ne inda aka fi yin kuskure. Kada ki yarda da duron da aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a cikinsa, komai wankin da aka yi masa. Tankin roba baƙi ya fi, domin hasken rana ba ya ratsa shi balle gansakuka ta fito. A ɗora shi a kan dakali mai ƙwari, tunda lita 2,000 nauyin tan 2 ne, a sa raga a bakinsa, a kuma rufe shi ruf. Buɗaɗɗen ruwa yana ƙyanƙyashe sauro cikin kamar kwana goma, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali, ƙaramin yaro yana iya faɗawa cikin duron da ba shi da murfi.

Game da sha kuwa, ki tace shi da tsaftataccen ƙyalle, ki tafasa har ya yi ɓararraka na minti 1, sannan ki zuba a randa mai murfi da moɗarta ta musamman. Idan kwanon ya yi tsatsa sosai ko fentinsa yana ɓarewa, ki taƙaita ruwan ga wanki da wanke-wanke da ban-ruwan shuke-shuke. A wanke tankin da indararon sau ɗaya a shekara, cikin watan Afrilu, kafin hadari ya fara haɗuwa.