Cin rani ne ko ƙaura?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tururuwar matasan ƙauye zuwa birni cin rani ne irin na da. Gaskiya abin ya sauya. A da, da amfani ya shiga rumbu sai samari su nufi Kano ko Kurmi, su yi ga-ruwa ko dako, ruwan fari na sauka su koma gona. Yanzu mutum kan kama ɗaki a unguwar Kurna ko Rimin Kebe a Kano, ya karɓi Adaidaita Sahu, ya ɗauko iyalinsa. Taki ya yi tsada, gonar gado kuma magada sun yayyanka ta, tsofaffi aka bar wa noman, abin yana damuna ƙwarai. Na Zamfara daban ne: 'yan bindiga suka koro su Gusau.