Fayilolin tsohon hadis (hard disk) sun ƙi buɗuwa

Ka ce ka ciro hadis ɗin laftof ɗinka da ta mutu, ka jona shi a wata kwamfuta, amma foldar Users ta ce ba ka da izini. Kwantar da hankalinka, fayilolin suna nan. Windows ce ba ta san ka ba, tana ganin tsohon asusun ne mai kayan.

Danna foldar da maɓallin dama, shiga Properties, sai Security, sai Advanced. Canza Owner zuwa sunanka, ka saka alama a akwatin da ya haɗa da foldojin ciki. Zai ɗan ɗauki lokaci, kar ka katse shi. Ni kam na fi son kunna Linux (wani tsarin aikin kwamfuta daban da Windows) daga filas, don bai damu da wannan izinin ba, kwafa kawai za ka yi.

In kuwa BitLocker, makullin bayanai na Windows, ne ya kulle hadis ɗin, sai da mabuɗinsa mai lamba 48. Nemi mabuɗin a asusunka na Microsoft.