Tambaya da Amsa: Na samu tsohuwar Triumph a Kano, in sa mata injin Toyota?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba makanike. Ni ɗan kasuwa ne a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maradi. A wani gida da muke da surukuta a Kano na ga wata ƴar ƙaramar mota mai kujera biyu, rufinta na tamfol, an jingine ta a rumfa tun rasuwar maigidan. An rubuta Triumph TR5 a jikinta, sitiyarinta yana hannun dama. Magada sun ce za su sayar. Niyyata in kawo ta gida, in cire injinta in sa na Toyota, in ɗaga ta sama, in maida sitiyari hagu, in sa na'urar sanyi. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. In har abin da aka rubuta a jikinta gaskiya ne, ka yi tuntuɓe da abin da masu kuɗin Turai ke nema da fitila. Kamfanin Triumph na birnin Kobantiri a Ingila ya ƙera TR5 daga 1967 zuwa 1968 kawai, kuma duka-duka guda 2,947 aka yi. Injinta mai silinda shida ne a jere, lita 2.5, ƙarfin doki 150, tana kusantar kilomita 190 a awa. Ita ce motar tsere ta farko ta Ingila da aka fitar kasuwa da na'urar fesa mai ta kamfanin Lucas a madadin kafireto. Sitiyarin dama kuwa ba abin mamaki ba ne, don Najeriya ba ta koma tuƙi a hannun dama irin namu ba sai Afrilun 1972.

Amma rubutun jiki ƙarfe ne da ake ɗaurawa da noti, kowa na iya sayensa. TR4A, wadda ta riga ta, kusan jikinsu ɗaya, ita kuwa silinda huɗu gare ta kuma an yi ta da yawa. Akwai kuma TR250, ƴar uwarta da aka yi wa Amurka, guda 8,484, mai kafireto biyu da ƙarancin ƙarfi. Saboda haka ka buɗe bonet ka nemi ƴar farantin lamba da aka manna a ɗakin inji. Lambar TR5 tana farawa da CP, ta TR250 da CD, ta TR4A da CT. In ka ga harafin O a ƙarshe, motar ta zo da ƙarin giyar tafiya mai nisa, wanda ƙarin daraja ne. Ɗauki hoton farantin da lambar inji. Gidan adana motocin Birtaniya da ke Gedon yana riƙe da littattafan masana'anta, kuma suna ba da takardar shaida mai nuna ranar ƙira, da launin asali, da inda aka aika motar. Ka nemi wannan takarda kafin ka ba da kafin alƙalami.

Sai maganar gado. Kada ka ƙulla ciniki da babban ɗa shi kaɗai a zaure. A tara magada, mata da maza, a rubuta, shaidu su sa hannu. Kuma tunda akwai surukuta, ka faɗa musu gaskiyar abin da suka mallaka. Yau yaro ɗaya zai duba waya ya ga farashin da ake sayar da irinta a Landan, gobe zumunci ya ɓaci a kan gwangwani. Bayan haka ka kai hotuna da lambobi wurin duwan, wato kwastan, da ofishin kart giriz, wato takardar rajistar mota, a nan Maradi, ka ji abin da za su caje ka da abin da za su ce game da sitiyarin dama, tun motar tana Kano. A kan babbar mota za ka ɗauko ta, ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, kada wani ya ce maka a ja ta da igiya.

Kada kowa ya murɗa makulli. Wannan shi ne abin da yaran garaji suka fi gaggawar yi, kuma shi ke kashe inji mai shekaru a kwance. A cire fulogai, a zuba ɗan baƙin mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da hannu. In ya juya, alhamdu lillahi. Daga nan ka sa ƙarfe ka tura fulin gaban inji gaba da baya, wani kuma ya taka kuloc. In idonka ya ga yana motsi, ƴan zobban da ke tare kuranshaf sun cinye ko sun faɗa cikin kaskon mai. Ciwon gidan wannan inji ke nan, kuma in an yi ta tafiya a haka, bulok ɗin kansa ke ci.

Ka shiga ƙarƙashinta da tocila da guduma. Jikinta daban, shasinta daban, kuma inda take ruɓewa shi ne wurin da hannuwan ƙafafun baya suka kama shasi, da ƙusoshin da ke riƙe da difaranshal, waɗanda kan tsage. In a Kano ta yi rayuwarta, tsatsa ba za ta yi yawa ba. In ta zauna Legas ko Fatakwal kafin ta hau arewa, ka ƙwanƙwasa ko'ina. Namu ɓarnar daban ce: rana ta gama da duk wata roba, ɓeraye sun ci wayoyi, allon gaban direba kuwa na katako ne, gara ba ta san darajarsa ba.

To, injin Toyota. Ban yarda ba, Alhaji. Ba don Toyota ba ta da kirki ba, da ita muke ci muke sha a garin nan. Amma abin da ake saye a TR5 shi ne wannan injin da na'urar Lucas da ke kansa. Ranar da ka sa mai walda ya yanka shasi don sabon inji ya zauna, ka zubar da mafi yawan kuɗin motar, kuma abin da zai rage maka ƙaramar mota ce mai zafi, marar wurin kaya, wadda tsohuwar Corolla ta fi ta komai. In abin hawa na kullum kake so, shi za ka saya. Wannan ta yammacin Juma'a ce da ranar salla.

Gyaran da nake goyon baya shi ne wanda sifana za ta iya kwancewa a maida na asali. A nan akwai aiki da yawa, don an yi motar ne don sanyin Ingila, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40. Famfon mai na Lucas yana cikin but, an gina shi a kan irin ɗan injin lantarkin da ke juya magogin gilashi, kuma dole ya riƙe matsin da ya kai bar 7. In ya yi zafi, mai ya zama tururi a cikinsa, mota ta mutu a tsakiyar titi, sai ta huce ta tashi. Ko a Ingila haka take yi musu da bazara, balle a gaban babbar kasuwa da azahar. Maganin da kowa ya sani shi ne famfon Bosch, da matatar mai kafinsa, da waya mai kauri ta kansa. Ka ƙara lagireto na alminiyam, da fanka mai lantarki, da ƙaramin lagireton sanyaya baƙin mai. Matatar iska kuma ka riƙa dubanta duk lokacin hunturu, ƙurar buji tana cin silinda a hankali.

Man da za ta sha shi ma magana ce. An ƙera injin don fetur mai dalma, mai ƙarfin da babu irinsa a gidajen mai yanzu. In an buɗe kan inji, a sa mazaunin bawul masu tauri, a kuma ja lokacin wuta baya kaɗan har ta daina ƙara in an taka ta. Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa kuwa, kada ya kusance ta ko sau ɗaya. Na'urar da ke raba mai ga silinda shida da man kansa take samun santsi, kuma ƙwayar yashi ɗaya ko ɗigon ruwa ya isa ya kama ta. Ba wanda zai buɗe maka ita a Maradi ko Kano ya saita daidai, sai an aika Ingila. In ta gagare ka, ka ɗora kafireto biyu na SU ko Stromberg a kan bututun TR250, ka wanke na Lucas, ka shafa mai, ka rufe a akwati. Duk wanda zai saye ta bayanka, akwatin nan zai fara tambaya.

Ga inda Toyota za ta iya shiga: akwatin giya. Ana sayar da kayan haɗi da ke ɗora akwatin giya biyar na tsohuwar Celica ko Supra a bayan wannan inji ba tare da yanka komai ba, kuma a kan doguwar hanyar Zinder za ka ji daɗinsa. In naka na asali yana da lafiya, musamman mai harafin O, bar shi.

Ɗagawa kuma, kaɗan. Sababbin sifirin da tayoyi masu ainihin girman 165 a kan rim 15 za su maido mata tsayin da tsufa ya cinye, a kuma ɗaure salansa ta manne sama. In ka wuce haka, sandunan ƙafafun baya za su karkace su ci kansu. Ba motar rairayin Gulbi ba ce, kwalta za ka bi. Na'urar sanyi a mota mai rufin tamfol ɓarnar kuɗi ce, kuma ƙarin zafi ne ga inji. Sitiyari ana iya maida shi hagu, kayan suna nan, amma sai an canza allo da fedoji da sandar tuƙi. In hukuma ba ta tilasta ba, ka bar shi inda yake.

Burki kada a yi masa faci: robobi, tiyo, da bututu duk sababbi, tayoyi ma haka ko da zanensu bai goge ba. Kayan gyara ba su yi wuya ba, kamfanonin Rimmer Bros da Moss a Ingila suna da kusan komai, ka dai haɗa oda ɗaya babba don kuɗin jirgi da duwan. Ka sa sifanu na inci a cikin odar, don notocinta ba na milimita ba ne, kuma in yaro ya sa lamba 13 a kan noti mai rabin inci, zai murje kansa. Ka aiko mini da hoton farantin lambar kafin ku yi maganar farashi.