Maganin ciwon damuwa a Amurka: tambayoyinku kan takardar rangwame

Tambaya: Likita, ina zaune a Amurka, an rubuta mini sertraline. Kuɗin da wani kantin magani ya faɗa mini ya ninka na kantin da ke tsallaken titi. Anya magani ɗaya ne?

Amsa: Ɗaya ne, 'yar'uwa. A can gwamnati ba ta yanke wa kantuna farashi. Akwai kamfanonin dillalai tsakanin masu inshora da kantunan magani, kuma kowane kanti da irin cinikin da ya ƙulla da su. Takardun rangwame irin na GoodRx da SingleCare a kan wannan ciniki suke tafiya, shi ya sa takarda ɗaya za ta yi miki araha a nan, ta yi tsada a can. In za ki kwatanta a shafin intanet na masu takardar, ki sa sunan maganin, ƙarfinsa, ko miligiram 50 ne ko 100, da yawan ƙwayoyin daidai yadda aka rubuta miki. Ki sake dubawa ranar da za ki karɓa, don farashin ba ya zama wuri ɗaya. Na kwana 90 yakan fi na wata-wata sauƙi, in likitanki ya amince.

Ba a haɗa takardar da inshora, ɗaya za ki zaɓa. Kuma abin da kika biya da takarda galibi ba ya shiga lissafin kuɗin da inshora ke jiran ki kashe kafin ta fara biya. Ki tambayi mai ba da magani wanne ya fi sauƙi. Tun 2018 doka ta hana a rufe masa baki kan wannan.

Tambaya: Ƙwayar da aka ba ni wannan watan ta canza launi. Ko ta araha ba ta kai Zoloft ƙarfi ba?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Zoloft sunan kasuwa ne na kamfanin Pfizer, kuma tun 2006 wasu kamfanoni ke yin sertraline. Hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ba ta barin su sayar sai sun nuna maganin na shiga jini kamar na asali. Mai yiwuwa kanti ne ya canza kamfani. Ka dai karanta sunan da ƙarfin a jikin kwalbar.

Tambaya: Kuɗi sun yanke mini. In dakata da sha zuwa ƙarshen wata?

Amsa: A'a, Hajiya, kada ki yi haka. Wannan tambayar ta fi sauran tayar mini da hankali. Yanke irin wannan magani lokaci guda yana kawo jiri, tashin zuciya, rashin barci, da wani abu kamar fizgar lantarki a kai, musamman magungunan damuwa irin su paroxetine da venlafaxine. Ciwon ma yana iya dawowa. Ki kira likitanki yau, ki faɗa masa gaskiya cewa kuɗi ne matsalar. Wani lokaci gyaran ƙarami ne: misali, fluoxetine, wani maganin damuwar, na kwanso yakan fi na ƙwaya araha nesa ba kusa ba. In kuma tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki kira 988, layin agajin gaggawa na Amurka ga masu irin wannan tunani, dare ko rana.

Tambaya: Me masu takardar nan ke samu, tunda kyauta ce?

Amsa: Suna da kamasho a kan kowane ciniki. Sai kuma bayananka: a 2023 hukumar FTC, mai sa ido kan kasuwanci a Amurka, ta ci tarar GoodRx dala miliyan 1.5 saboda miƙa bayanan lafiyar mutane ga Facebook da Google. Ka karanta sharuɗɗan kafin ka ba da lambar wayarka.