Tambaya da Amsa: In ina haska kakata kai tsaye, na adana al'adar ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kakata ta tsufa sosai, kuma duk danginmu ita kaɗai ta rage da ta iya wasu tsofaffin waƙoƙi da wata irin saƙa da ta koya wajen mahaifiyarta. Na fara yi mata laif a Facebook duk ƙarshen mako, mutane na shigowa sosai har da 'yan'uwanmu na ƙasashen waje. To Malam wannan ya isa ya hana abin ɓacewa ko da sauran aiki? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa kaka lafiya da nisan kwana. Wallahi abin da kike yi ya burge ni, amma gaskiya bai isa ba tukuna. Laif yana kai abu ga jama'a ne a wannan lokacin, ajiya kuma aiki ne daban da sai kin yi da hannunki.

Ki sani fa tun watan Fabrairu 2025 Facebook ya canja tsari, bidiyon laif kwana 30 kawai yake yi sai su goge shi in ba ki sauke ba, mutane da yawa ba su ma sani ba sai sun koma nema su tarar babu. YouTube ya fi dama-dama, yana ajiye laif ɗin da bai kai awa 12 ba, amma shi ma kamfani ne mai dokokinsa, kuma ki tuna Periscope, manhajar da aka yi tashenta wajen laif, an rufe ta a 2021. Don haka da kin gama ki sauke bidiyon, ki sa a kwamfuta ko memori, ki tura wa wani ɗan'uwa kwafi shi ma ya ajiye a wajensa. In da hali ma ki samu waya ta biyu tana ɗauka a gefe, don laif in netwok ya yi rauni hoton dishi-dishi yake fita, muryar na yankewa, kuma haka zai zauna har abada.

Murya ta fi hoto muhimmanci a irin wannan aikin, musamman ga waƙa. Ki matso da waya kusa da ita ko ki nemi ƙaramin makirufo, ki kashe fanka da talabijin. In saƙar take yi kuma ki nuna hannuwanta sosai, ki bar ta ta yi a hankali yadda ta saba, kar ki hanzarta ta wai don masu kallo kar su gudu. Wannan na damuna ƙwarai, sai ka ga an gajarce waƙa an ƙara mata armashi saboda layik, shekara kaɗan yara su ɗauka haka asalinta yake.

Sannan kowane bidiyo ki rubuta sunan waƙar, ranar da aka ɗauka, wajen wa ta koya, a wane lokaci ake rera ta, da ma'anar kalmomin da yanzu ba a amfani da su. Ki tambaye ta tun tana iya tunawa, ita kaɗai ke da amsar.

Kuma don Allah ki nemi izininta da gaske, ki fahimtar da ita cewa duniya ce ke kallo, kowa na iya yankar bidiyon ya yaɗa. Akwai abin da ba a yi a bainar jama'a, in ta ce wannan na cikin gida ne ki kashe laif ɗin, ki ɗauka don dangi kawai in ta yarda.

Yarjejeniyar UNESCO (hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya) ta 2003 kan kare al'adun gado da ba a iya taɓawa da hannu ta sa koyar da na baya cikin ma'anar kare al'ada, kuma ni ma nan na fi ba ƙarfi. Ki samu yarinya ɗaya ko biyu cikin jikoki su zauna gefenta lokacin laif ɗin, su riƙe zaren, su amsa waƙar, ta gyara musu kuskure a gaban kowa. 'Yan'uwan nan na waje ma ki ce su zaunar da yaransu su riƙa turo tambaya kina karanta mata, mako mai zuwa su rera abin da suka koya ta saurara.