Amsar murya: kafin ki kai fosta wurin mai bugu

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na ji tambayarki, kin ce masu taro sun nemi fosta mai girman A0, ke kuma ba ki san ta inda za ki kama ba a PowerPoint. To, saurara.

Tun ba ki rubuta ko harafi guda ba, ki gyara girman shafi. Ki shiga Design, sai Slide Size, ki sa faɗi santimita 84.1, tsawo 118.9. Wannan in a tsaye sunka ce. In a kwance ne, ki juya lambobin. Nan ne mutane ke faɗuwa: a tsara aiki a ƙaramin shafi, mai bugu ya ja shi ya buɗe, hoto ya farfashe, taswira ta koma kamar an shafa mata ruwa.

Take ki ba shi girman harafi 85 zuwa 100, kanun sassa wajen 44, jikin bayani kada ya sauka ƙasa da 24. Ni 28 na fi so, don mai karatu tsaye yake, taku biyu tsakaninsa da allo. Kuma don Allah kada ki kwaso babin bincikenki sukutum ki zuba. Sakamakonki shi ne ya kamata ya ci tsakiyar fosta.

Hoto kuwa, ki yi lissafi. Ana son aƙalla ɗigo 150 a kowane inci. Hoton da zai fito da faɗin santimita 30 ke nan sai faɗinsa ya kai ɗigo, wato fiksel, kusan 1,800. Wanda anka turo miki ta WhatsApp an riga an matse shi, ki nemi na asali. Tambarin jami'a ma haka.

In kin gama, ki mai da shi PDF. In kin kai fayil ɗin PowerPoint kuma kwamfutar shago ba ta da irin harufanki, layuka za su goce, ƙ da ɗ da ɓ su zama 'yan akwatuna. Ki tura PDF ɗin ta WhatsApp a matsayin Document, ko ki kai a filashi.

Kafin ki biya kuɗin babba, ki buga a A4. A4 rubu'in A0 ne ta faɗi da tsawo, wanda kinka sa 24 zai fito kamar 6. In ya karantu, lafiya lau. Ki ba wani ya duba kuskure da biro.

Masu bugu a Sakkwato galibi fileks za su fara miƙo miki, irin na allon talla. Yana da sauƙin kuɗi, amma yana ƙyalli, ƙananan lambobin jadawali suna dusashewa. Ki nemi takarda marar sheƙi. Ki bar santimita 2 fili a kowane gefe saboda yanka.

Kada ki ninke ta. Ki naɗe, ki zura cikin bututun roba na famfo, kuma kada ta wuni cikin mota a zafin nan namu.